Motar da Ke Kuka Ita Kaɗai

Zuwa ga ƙanena Buhari a Ikko.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina iyali, yaya baƙunci? Mu nan Sakkwato lafiya, sai godiya.

Buhari, shekara biyu ke nan ina faɗa maka raƙumana ba su taɓa ba ni kunya ba. Kai ka matsa na rabu da su, ka aiko mini wagga sabuwar mota ta kamfaninku.

Ran Jumu'a liman na cikin huɗuba, ƙahonta ya kama kuka shi kaɗai, duk sahu anka waigo ni. Da munka sallame kuma ta ƙi tashi. Bakanike ya ce wai rubutun da na zuba ma batir don tsari ya ɓata mata wuta. Rubutun da nake sha tun ƙuruciya bai kashe ni ba, sai batirin Nasara?

Ga fatuna jibge, damina ta matso, in ba su kai Gusau ba ruɓewa za su yi. Wasiƙa ukku na sa malam ya rubuta ma Baturenku, shiru.

Gai da matarka Hajara, ku sa mu cikin addu'a. Amma Baturen nan, ka tsaya gabanai sai ya amsa mini: gyara, ko a maido mini raƙumana?

Yayanka, Alu.