Baƙin Man Da Mujtaba Ke So

Mai Wurno, ƙarshen damina

Zuwa ga yayana Sa'id a Jidda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga babban wa, da fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara maka buɗi, ya tsare ka a ƙasar mutane. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zaman jabanarta na hantsi, inda take shan gahawa tana yanke wa unguwa hukunci. Riɗin gonarmu ya yi kyau bana, ya fara ɗaukar rawaya.

Ƙanenmu Mujtaba ya gaya mini ya roƙe ka ka aiko masa da baƙin mai na babur ɗin nan mai ƙafa huɗu da ka saya don aikin gona. Kafin ka shiga kanti, ya kamata ka san abin da babur ɗin ya zama. Ka tuna ka saye shi ne don ya ratsa laka ya kai iri da ruwan sha gona. To, ya kai shi Sinnar wurin makaniki, an faɗaɗa masa silinda, an sauya salansa, an sa masa tayoyi masu haƙora kamar na kada. In ya tayar da shi, kajin maƙwabta sai su bar ƙwai. Ya ce duk don riɗi ne. Ban san riɗi ya fara gudu ba.

A kan maganar mai, ina ba shi gaskiya, ko da ba na so. Baffa Yakubu ya ce a zuba masa na injin ban ruwa, wai mai ai mai ne, haka suka yi tun zamanin noman auduga. Mujtaba ya ƙi, ya ce injin da aka taɓa ya fi zafi, mai mara ƙarfi zai tsinke ya zama ruwa. Na mota ma ya ƙi, don kulocin babur ɗin a cikin mai yake kwance, na mota kuwa santsinsa zai sa ya riƙa zamewa. Na kasuwar Sinnar kuma ni da kaina na duba: gwangwani sabo, murfi da alamar an taɓa buɗe shi, abin ciki yana warin ƙonewa. Mai shagon ya rantse mini tun ban tambaye shi ba, abin da ya ƙara mini shakka.

Amma ga inda zuciyata ta tsaya. Na karanta wa Mujtaba bayanin mai iri biyu, duka masu kyau. Ɗaya ya dace da tafiyar hankali da kaya cikin taɓo, wato aikinmu. Bai ko kalle shi ba. Ya nace sai ɗayan, kuma tambayarsa guda ce: ko zai jure doguwar tafiya cikin rana ba a juye shi ba. Yaya, gonarmu daga kan rufin ɗaki ana hango bishiyoyinta. Sannan ga tanki na biyu da ya ɗaure a baya, ga abokinsa Mazin da ya dawo daga ramukan zinariya na kudu da sabon agogo da tari mara daɗin ji, kullum suna gindin babur suna magana ƙasa-ƙasa. In na matso sai hira ta koma kan riɗi. Ban taɓa ganin samari biyu masu son riɗi haka ba. Digirina bai ba ni aiki ba, amma ya bar mini ido.

Na ɗauki alƙalami da niyyar in ce kada ka aiko. Sai na tuna ko ka aiko ko ba ka aiko ba, mai niyyar tafiya zai tafi. Zai zuba na Sinnar ɗin nan, inji ya ƙone masa a dajin da babu ruwa babu mai wucewa. Hana shi mai mai kyau ba zai tsare shi a gida ba, tsakiyar hanya zai tsare shi. An ce in ka ƙi sharar masallaci ka yi ta kasuwa, ni kuwa ba na so Inna ta yi wannan sharar.

Saboda haka ka sayi na gaske, irin na babura mai jure zafi, a babban kanti, ka duba murfin da idonka. Amma ka ba wa mai kawowa umarni ya danƙa shi a hannuna, ba a hannun Mujtaba ba. Zai kwana ƙarƙashin gadona har a yanke riɗi a ɗaure. Bayan nan zan ba shi da sharaɗi ɗaya: ya durƙusa gaban Inna, ya faɗi da bakinsa inda za shi. In ya iya faɗa yana kallon fuskarta, to ya girma, sai mu yi masa addu'a. In bai iya ba, man zai yi aikin gona.

Ka gaida Anti Samira, ka shafa mini kan Malak da Rayan. Inna da Baffa Yakubu suna gaishe ka. Mujtaba ma ya ce in gaishe ka, in kuma tuna maka da saƙonsa. Ga shi na tuna maka.

Ƙanwarka,
Hasina