Auduga da Mai

Litinin, 6 ga Oktoba
Raja Tanwir, sakataren kulob, ya kira ni ofis. Wai ran Asabar in je likita ya auna kunnena, in na faɗi ba ni ba kula da filin harbi. Shekara ashirin da biyu a soja, sha ɗaya a wannan fili na garin Jhelum, ni Fazal Dad, yau mai ƙamshin turare ne zai sa a auna ni.

Duk saboda jiya. Buta mai sauya takardun saiti bai gama fitowa ba na ba da umarnin harbi. Sun ce mutum uku sun yi ihu, "Tsaya!" Ban ji ba. Ko ƙwarzane Buta bai yi ba. Kuma akwai iska.

Talata, 7 ga Oktoba
Sabuwar doka a bango: marufin kunne da tabarau dole ne. Mu da muka tashi da kwanson harsashi a kunne, ko auduga da ɗigon man girki yadda uwata ta koya mini! Na sha faɗa wa ɗalibaina, mai tsoron ƙarar bindiga ya je ya sayar da yadi.

'Yata Shagufta kaɗai ke faranta mini rai. Shekararta sha tara, tana shirin gasa, ni na ɗora ta a kan harbi tun tana sha uku. Kawunta ya aiko mata da marufi daga Dubai, a wuya take rataye shi. "Ni 'yar Ustad ce," in ji ta, don haka ake kirana a fili, ta tura audugarta.

Laraba, 8 ga Oktoba
Na biya shagon Mirza mai kayan harbi don kawai in ce na je. Ya baje mini kaya: na soso da ake murzawa a tura ciki, marufi mai kama da kwano biyu, da wani mai batir da ke barin magana ta wuce ya datse ƙarar harbi. Ga tabarau mai rufe gefe, wai ko kwanso mai zafi ya faɗo ba ya fashewa.

"Ustad, mai babbar bindiga haɗa biyu yake yi, soso a ciki, marufi a kai."

Na ce, "Ka ƙara mini da bargo mana." Na fito hannu wofi.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Gyaren nan da ke kuka a kunnena na hagu bai huta ba yau. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba
Uwar Shagufta tana gasa gurasa ta ce, "Shekara biyar ke nan ba ka amsa mini sai na zagayo ta damanka. Na zaci raini ne." Ita ma ta bi sahunsu.

Asabar, 11 ga Oktoba
An ba ni maɓalli, wai in danna duk sanda na ji ƙara. Na riƙa kallon yatsan likitar, tana taɓa na'ura ina dannawa. Ta gane. Ta juya kujerata na fuskanci bango.

Na zauna ina jira a fara. Ashe an daɗe da farawa.

Ta rubuta mini a takarda, kamar ba zan ji bakinta ba: na hagu ya tafi, na dama saura rabi. Na kawo mata zancen auduga. "Baba, auduga ba ta tare komai. Abin da ya tafi kuma ba ya dawowa."

Litinin, 13 ga Oktoba
Sun ba wani filina. Ni an mai da ni ɗakin ajiyar bindigogi. Raja Tanwir har da dafa mini kafaɗa. Baƙin ciki kamar in haɗiye zuciya. Buta ne kawai ya kawo mini shayi, shi da ya fi kowa dalilin ƙina.

Laraba, 15 ga Oktoba
Shagufta tana goge bindigarta a tsakar gida. Na tsaya ta hagunta na ce ta miƙo mini tsumma. Shiru. Na sake faɗa. Sai ta juyo da kai gaba ɗaya, ta miƙo mini kunnen dama.

"Na'am, Abba?"

Na san wannan juyin. Nawa ne.

Alhamis, 16 ga Oktoba
Na koma wurin Mirza. Hanya ce ta biyo da ni. Bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Na ɗauki soso da tabarau mai rufe gefe. Marufi tana da shi.

A bakin fili na murza soson da hannuna, na ciro marufin daga wuyanta.

"Abba, ba kai ka ce na matsorata ne ba?"

"Sa. Gobe kuma za mu wurin likitar nan."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta sa. Da ta juya za ta shiga layi na ga bakinta ya motsa, ta faɗi wani abu. Ban ji ba.