Kunnen Rasmane da Babur ɗin Drabo

Kudugu, 4 ga Afrilu

Zuwa ga uwargidana Lizeta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa Bobo lafiya. Yaya jikin 'yarmu Azeta, yaya jaririn? Allah ya raya mana shi. Ni ƙalau nake, sai dai waken da nake dafawa ko akuya ba ta ci.

Lizeta, akwai maganar da bakina ya kasa faɗa miki, shi ya sa na bar wa takarda. Kin san tsohon babur ɗin abokina Drabo, jan nan da ya girmi Azeta, wanda yake kai matarsa asibiti a kansa duk Alhamis tun da ƙafarta ta ƙi. Makon jiya ya turo shi gareji, ya fara tsokanar nan ta wasan ƙabila da ke tsakaninsu Samo da mu Mosi, ya ce, "Kai bawana, tashi ka duba dokin ubangidanka, wani ƙara yake yi." Na ce, "Ku Samo ban da shan kunu me kuka sani? Tayar da shi mu ji."

Ya tayar. Na sunkuya, na gyaɗa kai kamar yadda na saba shekara talatin. Wallahi ban ji komai ba sai wani gunji daga nesa, kamar ina cikin rijiya. Kunya ta hana ni faɗa. Na ce bawul ne, na ɗaure, na canza fulogi, na sallame shi.

Ranar Alhamis kuloci ya ƙi kamawa a hawan bayan kasuwa. Inji na ihu, babur bai motsa ba. A amalanken jaki aka ƙarasa da baiwar Allah, cikin rana. Drabo ya dawo da babur ya jingine, ko tsokanata bai yi ba. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Kunnena yana tafiya, Lizeta. Ya daɗe. Ban san me bakanike zai zama ba in ya kurmance.

Ki gaida surukinmu. Ki rubuto.

Naki,
Rasmane

Kudugu, 19 ga Afrilu

Zuwa ga Lizeta,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mai jego. Wasiƙarki ta iso ta hannun direban motar Bobo, na karanta har sau uku.

Ashe duk shekarun da kika yi kina tuyar ƙosai a bakin gareji, ba mai kaɗai kike kallo ba! Kin ce tun kafin ki tafi kin ji babur ɗin yana kacau-kacau in yana tsaye, amma da Drabo ya matse hannun kuloci sai ya yi tsit. Na bar wasiƙar a kan benci na tayar da shi. Na ɗora bakin sukudireba a murfin kuloci, na ciji ƙotar da haƙorana. Abin da kunne ya ƙi kawo mini, haƙori ya kawo: kacau-kacau har cikin ƙwaƙwalwa. Na matse hannu, ya ɗauke. Da na buɗe, kwandon kulocin duk ya yi lako-lako, farantan sun cinye sun zama kamar ganye. Kwana biyu na yi ina tonon tsofaffin ƙarafa kafin na sami irinsu.

Da Drabo ya zo, na ce masa, "Zauna. Ranar nan ƙarya na yi maka, ban ji ƙarar ba. Ka roƙa mini gafarar matarka."

Sai ya fashe da dariya har da hawaye. Ya matso ya ce, "Ku dai Mosi ba ku da wayo! Shekara biyu ke nan duk unguwar nan muna yi maka magana kamar masu kiran shanu. Ka ɗauka haka kawai muryoyinmu suka girma?" Ya ce ke kika bi su ɗaya bayan ɗaya kika roƙe su kada su nuna mini sun sani.

Na shiga bayan gareji na daɗe ban fito ba.

Jiya Alhamis sun je asibiti sun dawo lafiya, har matarsa ta aiko mini da tuwo. Ranar Litinin Drabo zai ɗauke ni zuwa wurin likitan kunne a Waga. Ya ce bai taɓa ɗaukar bawa a bayansa ba, amma zai daure.

In Azeta ta yi arba'in, ki dawo. Kaskon ƙosanki zan matso da shi cikin rumfa, kusa da benci. Ke ki ji, ni in kwance. Ki riƙa zama ta hagu, kunnen wannan ɓangaren da sauran jinsa.

Mijinki,
Rasmane