Hoton Hannuwanki a Gidimuni

Zuwa ga Wasila, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazarar Damagaram, dabinon da ya riga saura nuna, 'yar Birni wadda ko sawunta a kan rairayi abin tsayawa a kalla ne! Ina gaishe ki gaisuwar wanda aka rufe wa zauren gidanku amma ba a ƙwace masa alƙalami ba. Yayarki Raliya ce za ta miƙa miki wannan takarda, Allah Ya saka mata da alheri.

Kin tuna yadda nake kafin ki sa mini ido a sana'ata? Wayyo ni Nazir! In hau moto har Tirmini, in dawo da salula cike da hotunan rumbuna da na ɗauka da tsakar rana, fari fat, ba inuwa ba rai. In zuba su a shafina na intanet, ba mai yabawa sai abokan shan shayina, su ma don kunya. Ke ce kika duba kika yi dariya har da riƙe ciki, kika ce sai ka ce ɓarawo ne ya ɗauke su yana gudu. Da idon nan naki na mai zanen lalle kika gyara ni: in yi sammako in kama hasken safiya, in durƙusa har gwiwata ta taɓa ƙasa, in gaida mutum in tambayi iyalinsa kafin in ɗaga masa salula, kuma kada in ɗauki bango, kome kyan zanensa, sai wani mai rai ya gifta ta gabansa.

To yau fa? Masu bin shafina dubbai ne, Wasila, dubbai! 'Yan Damagaram da neman abinci ya kai Libiya da Aljeriya suna rubuto mini cewa sun ga lungun gidansu sun yi hawaye. Wa ya taɓa nuna garin nan yadda na nuna shi? Ba na jin kunyar faɗa, na iya, kuma a wurinki na iya.

Sai safiyar nan ta Gidimuni, kashegarin bikin ƙawarki Sa'a. Tafki ya kwanta luf, rana ta fara leƙowa ta cikin itatuwan dabino, kika ciko tafukanki da dabino kika miƙo mini. Na roƙe ki hoto, kika yarda da sharaɗin hannuwa kaɗai, ban da fuska. Ya Rabbi, hannuwan nan! Jan lalle, zinariyar dabino, hasken ruwa a baya. Babu hotona da ya yi tafiya irin tasa. Aka yi ta turawa daga salula zuwa salula, har wani mai otel a Yamai ya neme ni in yi masa aiki saboda shi.

Mu biyu muka ɗauka hannu ba shi da suna. Mun manta da abin hannun nan na jar fata da ke wuyan hannunki, mun manta 'yar wa kike. Wane baduku ne a Birni zai kasa gane ɗinkinsa? A majalisa bayan la'asar wani ya nuna wa mahaifinki, Baba Illa baduku, hoton yana yabon aikin fatar, alhali guda ɗaya tak Baba ya taɓa yin irinsa, ya yi wa autarsa. Shi ne ya ce wanda ya baje hannun 'yarsa a gaban duniya tun bai kawo goro ba, kada ya sake taka masa zaure. Amma Raliya ta gaya mini ya daɗe yana kallon hoton kafin ya ɓata rai. Kin ji ko? Har Baba!

Abokaina sun ce in bar hoton, fushin tsoho zai huce, shafi kuwa ba ya jira. Sun ce in na cire shi mai otel zai juya baya. Ya juya mana! Ni da na san inda rana ke faɗowa a kan duwatsun Birni, hoto zai gagare ni? Zan ɗauki dubu gobe. Ke fa, ina zan samo ta biyunki?

Yau da safe na goge shi, da yabonsa da kome. Ba zan ɓoye miki ba, tunda nake ban taɓa jin na cika namiji irin yau ba. Jibi kawuna Mala zai je wurin Baba da goro da ban haƙuri. Ina roƙonki, hasken raina, ki share hawayenki, ki tsaya mini, in Baba ya tambaye ki ki faɗi abin da ke ranki ba tsoro.

Kafin in goge, na kai an wanke mini guda ɗaya, an sa a gilashi. A wurina shi kaɗai ya rage. Na kafa ƙusa a bangon ɗakina, amma ban rataye shi ba. Yana nan naɗe cikin zane, yana jiran hannuwan da ke cikinsa su zo su rataye shi da kansu.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a rufe mini ido,
Nazir