Hayaƙin Buntun Kwarin Kanya da Tarin Mahaifiyata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya ƙara wa ranka ya daɗe lafiya, ni ɗan garin Kwarin Kanya ne, ina sayen tufafi a Guangzhou ta ƙasar Sin ina aikawa gida. Sau uku na rubuta wasiƙar nan ina yagawa, domin ina tunanin ko nisa ne ya sa nake kambama abu. Sai na koma littafin da nake rubuta al'amuran kowace rana, na ga ban ƙara komai ba.

Na ɗaya. Kullum da safe mahaifiyata, Inna, tana aiko min da saƙon murya, ni kuma ina rubuta yadda na ji numfashinta. Da damina muryarta garau. Da an yi kaka an fara casar shinkafa, sai tari ya shigo tsakanin kalmominta, har gaisuwa ta gagare ta. Kaka uku ke nan a jere, shafukan kamar an kwafa. Gidanmu yana yamma da injin casa, iskar rani kuwa daga gabas take busowa. Ana jibge buntu a bayan injin, a cinna masa wuta. Buntu ba ya ci da harshen wuta ya mutu. Cinyewa yake a hankali, kwana da kwanaki yana hayaƙi. Ƙanwata Hajara ta ce idan ta shanya farin mayafi, toka-toka take kwashe shi.

Na biyu. Ranar kasuwa abin ya fi muni, domin da tsofaffin tayoyi mahauta suke babbakar kai da ƙafa. Da na je gida bara na tsaya a kwata na gani da idona: baƙin maiƙon taya yana ɗiga a kan fatar da za a dafa wa yara. Na kasa cin nama har na bar garin. Kakin da Inna ta tofar a gabana baƙi ne. Na rubuta hakan, kuma har yau ba na son buɗe wannan shafin.

Na uku, wanda ya fi min nauyi. Injin nan ni na sayo shi, ƙungiyar manoman garinmu ce ta aiko ni. Ranar da muke ciniki a wani ofishi a ginin kasuwar Tianxiu, nan Guangzhou, mai sayarwar ya sa tafinta ya tambaye ni yadda za mu yi da buntun, har yana nuna min hoton wata na'ura mai cura shi ya zama makamashi. Ina sauri, sai na amsa da ɗan Sinancin da na iya, na ce meyo wanti, wato ba matsala. Muka yi dariya, muka sha shayi. Ban tambayi inda za a kafa injin ba. Ban tambayi kowa komai ba.

Na huɗu. Sau biyu Hajara ta kai ƙara sashen lafiya. An turo duba-gari, ya tsaya nesa da jujin buntun, ya toshe hancinsa da hankici, ya ce ba matsala, hayaƙin kaka ne, kowace shekara ana yi. Daga nan ya bi ta kwata, ya fita da ƙunshin nama a bayan babur. Ranka ya daɗe, mutumin da ya toshe hancinsa ne ya ce ba matsala. Na aika wa Inna takunkumi kwali guda, ta ce ba za ta zauna a ɗakinta da baki a ɗaure kamar jakin da ake hana cin hatsi ba.

Yanzu likita ya ce kada ta sake yin wani rani cikin hayaƙin. Idan ba a gyara ba, kafin a fara yankan shinkafa za mu ɗauke ta zuwa birni wurin yayata, ta bar ɗakin da ta haife mu duka a ciki. Ta ce ba za ta je ba. Shinkafa kuwa ta riga ta fara ja.

Don haka ina roƙon abu uku. A hana ƙona buntu a cikin gari, a ware masa fili a yamma, bayan gidaje. Masu kiwon kaji da magina za su kwashe da yawa idan an ba su. A hana babbaka da taya, a koma itace da kara kamar yadda iyayenmu suka yi. Sannan a turo wani duba-garin, ya zauna awa ɗaya a tsakar gidanmu ranar kasuwa kafin ya rubuta rahoto. Na'urar buntun da na yi biris da ita kuwa, na koma Tianxiu na samo bayaninta, zan miƙa wa ƙungiya.

Idan ba za a yi ba, a faɗa mana a fili, mu san ranar da za mu ɗaure kayan Inna. Amma don Allah kada a ce mana ba matsala. Ni na fara faɗin ta, kuma da an yi kaka, kowace safiya ina jin abin da ta haifar a wayata.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya raba iyayenka da irin wannan tarin.

Wassalam.

Ɗanlami Isuhu
Dengfeng, Guangzhou