Yadda Mama Ta Miƙa Ruwa a Tseren Keke

Juma'a, bayan isha'i

Gobe zan je! Duk makon nan ina jin nauyin roƙon Mama ta bar ni in shiga cikin masu miƙa wa 'yan tseren keke ruwa. Yau muna cin tuwo na daure na faɗa. Ta ce sam. Sai Baba ya fara dariya.

Ashe tseren nan ya girme ni. Baba ya ce a da ma kwanaki ake yi, gari zuwa gari, kuma ta unguwar Glenwood suke bi, ta ƙofar gidan da yake haya yana ɗalibi. Wata shekara ya hango wata budurwa cikin masu ba da ruwa. Kowa ya miƙe hannu ɗaya ya tsaya ƙyam, ita kuwa ta riƙe gora hannu bibbiyu ta rusuna kamar a gaban surukai. Mai keken ya cafki iska ya wuce.

"Nan na san 'yar gida ce," in ji Baba. "Na je na ce mata sannu da aiki."

"Alhaji, ci abincinka," Mama ta ce, tana gyara ɗankwalin da bai goce ba.

Ni da ke ɓoye littattafan soyayya ƙarƙashin filo, ashe ga wanda ya fi su a falonmu.

Ina wanke-wanke Mama ta zo ta tsaya bayana. "Ki je. Amma hannu ɗaya, Hanan, kuma kada ki rusuna wa kowa. Ni kin ga abin da ya jawo mini."