Allon Fitilun Shagon Baba

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Ya karatu, ya kewar gida? Umma na gaishe ki, wai ki daina wasa da cin abinci.

Yaya, bakina ya jawo mini. Baba ya sayo allon fitilu na ƙofar shago, irin wanda rubutu ke tafiya a kansa, sai na ce zan iya sa shi aiki da abin da ake koya mana a ajin kwamfuta. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce in allon ya rubuta sunan shago ranar Asabar, in ci gaba da ajin. In bai rubuta ba, in zauna gida da littattafan soyayyata, tunda dama mafarki nake zuwa yi.

Na rubuta manhajar, na kunna. Wallahi ko harafi ɗaya babu, sai jan layi yana ƙyalli. Malamarmu ta ce gudu ne ya yi yawa, ido ba ya iya bi, sai na umarci manhajar ta ɗan dakata bayan kowane taku. Na sa dakatawar, har yanzu jan layi. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata ta kaina,

Ina gaisuwa, ina fatan murar ta sake ki. Nemi wuri ki zauna tukuna!

Ashe dakatawar tana nan, ƙanƙanta ta yi. Na rubuta ɗari ina ganin na yi abin kirki, ashe umarnin yana raba daƙiƙa ɗaya gida miliyan ne, ɗari ko ƙiftawar ido ba ta kai ba. Ni kaɗai na gano, Yaya! Na jibga sifili, haruffan suka koma ɗingishi kamar masu ciwon gwiwa. Na rage, na ƙara, na sake ragewa. Kin san shirun da budurwa ke yi a littafi kafin ta amsa wa saurayi? In ya yi tsawo wulaƙanci ne, in babu shi rawar kai ce. Irinsa na yi ta nema. Kar ki yi mini dariya.

Ranar Asabar na kunna, na ruga bayan kantar shago na ɓuya. Ta jikin taga na hango Baba ya tsallaka titi, ya harɗe hannu a baya, bakinsa na bin haruffan ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a wajen. Sai ga shi ya jawo tela da mai gyaran waya yana nuna musu, wai autarsa ce ta koya wa fitila numfashi. Tela ya ce a fito da injiniyar a ganta. Na ƙi fitowa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da muna rufe shago, Baba ya tambaye ni ƙarfe nawa ake shiga ajin ranar Litinin, wai hanyarsa ce, zai sauke ni. Ke ma kin san ba hanyarsa ba ce.

Taki har kullum,
Auta